Fosfet Ya Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya: Amsoshin Tambayoyinku Kan Tankin Murjani

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da tankin ruwan gishiri mai cin lita 300, da murjani masu taushi da 'yan kaɗan masu tauri, da kifi shida. Na sayi na'urar Hanna mai lamba HI774 don in riƙa auna fosfet, sinadarin nan da ke taruwa a ruwa daga abinci da kashin kifi. Ranar Asabar ta ba ni 0.03, ranar Lahadi 0.07, da na sake gwadawa nan take sai ta ce 0.05. Da na ga 0.07 ɗin nan hankalina ya tashi, na ninka garin tsotse fosfet da ke cikin matatar ruwan tankin. Yanzu ban san wace lamba zan kama ba. Na'urar ce ta lalace, ko jabu aka sayar mini?
Daga wani mai karatu a Jidda, Saudiyya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, tashi ka je ka rage garin nan da ka ninka, ka mai da shi yadda yake a da, sannan ka dawo mu tattauna. Abin da ka yi bayan ganin 0.07 ya fi ba ni tsoro a kan ita 0.07 ɗin.

Na'urarka lafiyarta ƙalau. Buɗe 'yar takardar da ta zo a cikin akwatinta, wadda yawancinmu muke jefarwa tare da leda. Kamfanin da kansa ya rubuta cewa HI774 tana iya kaucewa da 0.02 sama ko ƙasa, a ƙara da kashi 5 cikin 100 na lambar da ta nuna. Ke nan idan ainihin fosfet ɗin tankinka 0.05 ne, na'urar tana da damar ta ce maka 0.03 yau, gobe ta ce 0.07, kuma ba ta karya alƙawarin da aka yi maka ba. Lambobinka uku duk a cikin wannan da'irar suka faɗo. Mai yiwuwa ruwanka bai canza ko kaɗan ba tsakanin Asabar da Lahadi. Masu amfani da yayarta HI713, wadda ke aunawa har 2.50, su nasu kaucewar ta kai 0.04, don haka a tankin da fosfet ya yi ƙasa sosai ba ta da wani amfani mai yawa.

Ka dubi ƙanƙantar abin da kake nema. Lambobin na'urar a ma'aunin ppm suke, ppm ɗaya kuwa na nufin miligiram ɗaya a lita ɗaya ta ruwa. 'Yar kwalbar gwajin mililita 10 take ci. Idan ruwan yana da 0.05, duk fosfet ɗin da ke cikin kwalbar rabin maikirogiram ne, wato rabin kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ka taɓa tsayawa gaban masu sayar da zinari a kasuwar Balad ta nan Jidda? Sikelinsu a cikin gilashi suke rufe shi, don ko iskar fanka tana motsa lambar. To abin da kake aunawa ya fi nasu ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma da na'urar da ke shiga aljihun riga.

Yadda take aiki ma yana da kyau ka sani, don daga nan ne za ka gane inda hannu ke ɓata lissafi. Hodar da ke cikin fakitin tana haɗuwa da fosfet ta rina ruwan shuɗi. Tsohuwar dabara ce; masana biyu a Jami'ar Libaful ta Ingila, Murphy da Riley, su suka daidaita ta a 1962, kuma har yau da ita ake aiki a ɗakunan gwajin ruwan teku. Na'urar ba fosfet take gani ba, haske take aunawa. Da farko takan haska ruwan kafin a zuba hoda, lokacin da allonta ya nuna C1, ta riƙe wannan a matsayin sifili. Bayan an zuba hoda, a matakin C2, ta sake haskawa ta ga nawa hasken ya ragu. A 0.05 shuɗin ya yi fari har ido ba ya iya ganinsa. Saboda haka duk wani abu da ya tare haske tsakanin hasken farko da na biyu, ko shatin yatsa ne, ko kumfa, ko ƙwayar hodar da ba ta narke ba, na'urar za ta lissafa shi a matsayin fosfet. In kuma dattin a hasken farko yake, ka goge shi kafin na biyu, sai ta ba ka lambar da ta gaza gaskiya, wani lokaci har 0.00.

Ga yadda nake yi, kuma ba na sauya ko ɗaya daga ciki. Ina ɗibar ruwa da sirinji daga tsakiyar tanki, kamar tsawon hannu ƙasa da saman ruwa, wuri ɗaya kullum. Ba na ɗiba daga sama, don akwai wani maiƙo da ke taruwa a can. Ina ɗauraye kwalbar da ruwan tankin, in zubar, sannan in auna mililita 10 da sirinjin. Ban yarda da layin da aka zana a jikin kwalbar ba, don ido yakan yi gardama da shi, yau ka tsaya a samansa gobe a ƙasansa. Sai in rufe, in riƙe ta ta murfi, in goge jikinta da ƙyallen goge tabarau. Kada ka yi da gefen riga ko takardar goge hannu. Ɗaya na barin zare, ɗayar na kankare gilashi a hankali. Idan na ga ƙananan kumfa sun manne a ciki, in ɗan ƙwanƙwasa da farce su tashi.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne fuskar kwalba. Gilashin zagaye ba ya zama kauri ɗaya ta kowane gefe. In ka sa ta a C1 rubutun yana kallonka, ka mai da ita a C2 rubutun yana kallon bango, hasken ya bi ta gilashi daban, kuma wannan kaɗai na iya motsa lambar ƙarshe. Ni alamar mililita 10 nake juyowa ta kalle ni, sau biyun. Kuma kwalba ɗaya nake amfani da ita daga farko har ƙarshe. Na san akwatin da kwalba biyu ya zo, na kuma san masu haɗa hoda a ɗaya su yi sifili da ɗayar don gudun kada na'urar ta kashe kanta kafin su gama. Wannan dabarar tana saye maka lokaci, amma ka haɗa gilashi biyu da ba su san juna ba.

Sai hoda. Kafin ka kunna na'urar, ka karkaɗe fakitin hodar ta taru a ƙasa, ka yanke gefe biyu da almakashi, ka buɗe shi ya zama kamar mazurari, ka ajiye a gefe. In ka bari sai bayan C1 kake neman almakashi, gaggawa za ta sa rabi ya zube a tebur ko ya maƙale a kusurwar fakiti. Bayan ka zuba, ka girgiza a hankali na minti biyu cur, da agogo, ba da ƙiyasi ba. A hankali na ce: juyawa sama da ƙasa, ba irin girgizar da za ta cika ruwan da kumfa ba. Ɗaga kwalbar ka duba a haske, kada ka ga ko ƙwaya ɗaya tana yawo. Ka sake gogewa, ka sa ta, ka danne maɓallin har sai agogon minti uku ya fara ƙirga, ka rufe murfin ka bar ta a kan tebur. Kada ka riƙe ta a hannu kana leƙawa.

Da zarar ta ba da lamba, zubar da ruwan nan take ka ɗauraye da tataccen ruwa. Shuɗin nan in ya kwana a kwalba yana rina gilashi, kuma rinin ba ya fita da sauƙi. Sabulu kuwa kada ya kusance ta, don wasu sabulan wanki suna ɗauke da fosfet, ragowar da ba ka gani ta fi abin da ke cikin tankinka yawa. Ni tataccen ruwa nake cika ta da shi in rufe har gwaji na gaba, don kada ɗigon ruwa ya bushe ya bar tabo. Ku da ke Jidda akwai ƙarin abu guda: laima. Hodar ba ta son zafi da danshi. Kada ka ajiye fakitocin a ƙarƙashin tanki inda tururin ruwan gishiri ke taruwa, kada kuma a bar su a mota. Fakitin da ka buɗe ka tarar hodar ta dunƙule ko ta sauya launi, shara ne wurinsa.

Ban san ƙarfe nawa ka yi gwajin Asabar da na Lahadi ba, amma ina zargin ba lokaci ɗaya ba ne. Babbar ƙofar da fosfet ke shigowa tanki ita ce abinci. In ka ba kifi daskararren jatan lande ka gwada bayan awa ɗaya, lamba za ta hau. Da rana kuma, fitila na kunne, gansakuka da murjani suna ci daga ciki. Ka zaɓi lokaci guda, ni da safe nake yi kafin ciyarwa, ka tsaya a kansa. Kada ka gwada ranar da ka motsa yashi ko ka kankare gilashi, don ruwan ya gurɓace da ƙura ko da idonka bai gani ba.

Yanzu ga abin da nake so ka ɗauka da muhimmanci. Ka sami littafi ka riƙa rubuta kwanan wata da lamba, sau ɗaya ko biyu a mako. Lamba ɗaya ba ta isa a taɓa tanki saboda ita ba. In ka ga 0.04, 0.06, 0.05, 0.04, tankinka a zaune yake, ka yi hamdala ka bar shi. In ka ga 0.05, 0.08, 0.11, 0.15 a makonni huɗu, to wannan hawa ne na gaske, sai a nemi dalili. Ranar da lamba ta zo maka baƙuwa, ka sake gwaji sau biyu ka ɗauki ta tsakiya. Haka in ka buɗe sabon kwalin hoda, ka gwada ruwa ɗaya da tsohon fakiti da sabo, ka rubuta bambancin, don kada ka ɗora wa tanki laifin kwali.

Me ya sa na ce ka rage garin? Garin nan, wanda tsatsar ƙarfe ce aka dunƙula, ƙarfi gare shi. In ka ninka shi a tankin da ke 0.05, cikin kwanaki kaɗan zai kai ka sifili, kuma sifili ba tsafta ba ce. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya da ke ciyar da shi, su kuma suna buƙatar fosfet. Wani bincike da Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Sawsamton, wanda aka buga a 2013, ya nuna cewa idan naitirojin ya yi yawa a ruwa fosfet kuma ya yi ƙaranci, tsirran nan sukan shiga yunwa, murjanin ya fi saurin koɗewa idan zafi ko haske ya tsananta. Masu kiwo kuma sun daɗe da lura cewa tankin da aka tsotse ƙaf shi ne wanda yauƙin nan mai ruwan ƙasa da ake kira dino ya fi mamayewa, kuma wanda ya taɓa fama da shi ba ya fatan maimaici. Yawancin masu kiwo tsakanin 0.03 da 0.10 suke nema. Kana ciki tun farko.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni na'urata HI736 ce, ta nuna mini 31. Mai shagon da nake sayen kaya ya ce bai kamata ya wuce 0.1 ba. Anya kifayena za su kai gobe?
Daga wata Hajiya a Abuja.

AMSA: Hajiya, kwantar da hankalinki, za su kai gobe da jibi in Allah Ya yarda. Ke da mai shagon ba da ma'auni ɗaya kuke magana ba. Na'urarki sinadarin fosforos take ƙirgawa, kuma a ppb, wato kashi ɗaya cikin biliyan. Shi kuma fosfet yake nufi a ppm. Fosfet ya ninka fosforos ɗin da ke cikinsa nauyi sau 3.066, saboda ƙwayoyin oksijin huɗu da ke manne da shi. Sai ki ninka lambarki sau 3.066, ki raba da 1000. Naki 31 ya zama 0.095, bai kai 0.1 ɗin da ya faɗa ba. In ta nuna 10, kina kan 0.03 ke nan. Ki rubuta wannan lissafin a takarda ki manna a murfin akwatin. Kuma ki sani ita ma tana kaucewa da kusan 5 sama ko ƙasa, don haka 28 yau da 33 gobe duk magana ɗaya ce.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, fosfet ɗina ya kai 0.30. Na canza kashi 30 cikin 100 na ruwan, ya sauka 0.21, na ji daɗi. Bayan kwana biyu ya koma 0.28 alhali ban ƙara abinci ba. Duwatsun na saye su ne a hannun wani da ya daina kiwo. Gwajin ne ke yi mini wasa?
Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wannan karon gwajin gaskiya ya faɗa maka, sau ukun. Lissafinka ma ya fita daidai: ka cire kashi 30 na 0.30, saura 0.21. Abin da ya dawo da shi su ne duwatsun da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Dutsen murjani da farin yashin tanki asalinsu alli ne, kuma fosfet yana manne wa jikinsu. Idan ruwa ya cika da shi sai su sha, idan ruwa ya yi ƙasa sai su saki har a daidaita. Dutsen da ya shekara da shekaru a tankin da ba a kula da shi ba yana iya riƙe fosfet ninkin-ba-ninkin abin da ke cikin ruwa. Saboda haka canjin ruwa, da yake maganin naitiret ne nan take (wani sinadarin datti da shi ma ke taruwa a tanki), a kan fosfet ba ya tasiri sosai.

Aikin na haƙuri ne, na makonni ko watanni. Ka sa garin tsotse fosfet kaɗan, rabin abin da aka rubuta a gwangwani ma ya isa farawa, ka riƙa gwada ruwan da ke fitowa daga matatar. Ranar da lambarsa ta yi daidai da ta tanki, garin ya ƙoshi, a canza shi. Kada ka yi ƙoƙarin faɗowa daga 0.30 zuwa 0.05 a mako guda. Murjanin da ya saba da 0.30 ya fi jure zama a haka a kan saukar gaggawa. Akwai wani ruwan magani mai sinadarin lantanam da ke kama fosfet nan take, amma ba na ba sabon hannu shawararsa: yana sa ruwa ya yi hazo, hazon yana rikita na'urar gwaji, kuma an sha ba da labarin ya wahalar da numfashin wasu kifaye.

Ka kuma gwada ruwan da kake haɗa gishiri da shi, tun kafin ya shiga tanki. Ruwan burtsatse ko na leda na iya yin daɗin sha amma ya zo da fosfet ɗinsa. A yanayin Kano, musamman da hunturu da iska ke bushe ƙamas, tanki na ƙafewa da sauri, kana ta ƙara ruwa kullum. Ruwan ne ke tashi, abin da ya zo da shi yana nan yana taruwa. In ba ka da matatar RO mai haɗe da garin DI, wato na'urar da ke tace kusan duk sinadaran da suka narke a ruwa, ita ce abin saye na gaba, kafin sabon kifi.

TAMBAYA: Salam. Ruwan teku nake ɗebowa kai tsaye. Gwajina na ɗigo ne mai katin launi, kullum sifili yake nunawa, amma koriyar gansakuka mai kama da gashi ta rufe duwatsu. Ta ina take samun abinci?
Daga wani ɗan'uwa a Fot Sudan.

AMSA: Amin wa alaikas salam, a gaida mutanen bakin Bahar Maliya. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, katin launi yana da iyaka. Tsakanin 0.00 da 0.03, kai har zuwa 0.10, bambancin shuɗin ya yi ƙanƙanta, mutum biyu za su kalli kwalba ɗaya su yi musu. In da shi za ka ci gaba, ka duba a hasken rana kusa da taga, a kan farar takarda, nesa da shuɗiyar fitilar tanki, wadda ke sa komai ya yi shuɗi. Na biyu, gwaji ragowa yake aunawa. Gansakukar tana cinye fosfet da zarar ya fito daga kashin kifi ko jikin dutse, ba ta bari ya zauna a ruwa balle ka same shi. Ka riƙa tuge ta da hannu kana fitarwa waje, don duk dunƙulen da ka jefar fosfet ne ya bar tankin. Bayan ta ragu kada ka yi mamaki in lamba ta fara bayyana.

Batun ruwan teku kuma, inda ka ɗebo shi ne magana. Ruwan da ke kewaye da murjanin Sanganeb, can cikin teku nesa da gaɓar Fot Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016, ba ɗaya yake da na bakin tashar jiragen ruwa ba, inda magudanan gari ke zubowa. Ka nisanci gari, ka bar ruwan ya kwanta, ka tace, ka gwada kowace jarka kafin ta shiga tanki.

TAMBAYA: Malam, na aika ruwana ɗakin gwaji a Jamus, irin gwajin da ake kira ICP. Sun ba ni 0.12, na'urata ta gida kuma 0.07 take nunawa. Wa zan bi?
Daga wani mai karatu a Landan.

AMSA: Ba abu ɗaya suka auna ba. Na'urar gida fosfet ɗin da ke narke a sake kawai take gani, wanda hoda ke iya kamawa. Injin ICP kuwa ƙona ruwan yake yi da zafi mai tsanani, ya ƙirga duk fosforos ɗin da ke ciki, har wanda ke ɗaure a jikin ƙwayoyin bakteriya da ɓurɓushin abinci, sannan a juya lissafin zuwa fosfet. Don haka ba abin mamaki ba ne nasu ya ɗara naka. Ga kuma kwanakin da kwalbar ta yi a hanya, abubuwa masu rai a ciki suna ci suna saki. Nan gaba, ranar da za ka cika kwalbarsu ka yi gwajin gida da wannan ruwan a wannan lokacin, ka rubuta lambobin biyu gefe da gefe. In tazarar ta riƙa zuwa kusan ɗaya kowane karo, ka ci gaba da tafiyar da tankinka da na'urar gida. In kana shakkar na'urar kanta, kamfanin Hanna yana sayar da rufaffun kwalabe masu sananniyar lamba don tantancewa, kuma ka canza batirin kafin ka gwada su.